Jirgin Ƙasa Bai San "Ina Hanya" Ba

Tun da aka buɗe layin dogo tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, Bahaushe ya gamu da gamonsa: abin hawan da ba ya jiran kowa. Mu da muka saba da tashar mota, inda ɗan kamasho zai rantse saura mutum ɗaya tun hantsi har azahar, yau an ce mana ƙarfe kaza jirgi zai bar tashar Rigasa. Kuma sau da yawa da gaske ake!

Dubi yadda muke neman lokacin tashi. Jadawalin yana cikin wayar da ke hannunmu, amma sai mu jefa tambaya a zauren WhatsApp na dangi. Kawu ya ce ƙarfe bakwai, don a lokacin ya hau bara. Goggo ta ce a dakata ta tambayi mijin maƙwabciyarta, wai yana da aboki a tashar Idu. Wani ya turo addu'ar shiga mota. Kafin a tsayar da magana, jirgi ya wuce Rijana.

Tikiti kuwa tun 2021 ana sayensa ta intanet, sai dai Alhaji bai yarda da cinikin da ba a ce "albarka" ba. Na taɓa jin wani dattijo yana ce wa mai sayar da tikiti, "Yaro, nawa ne gaskiyarsa? Mu huɗu ne fa, a duba mana." Kamar buhun gero yake tayawa a Dawanau.

Sai masu "akwai yarona a tasha". Mutum zai ƙi saye ta intanet, ya kira yaron, ya biya ninki, sannan ya zauna a majalisa yana hura hanci wai shi mai hanya ne. Da aka zo da dokar nuna lambar NIN wajen sayen tikiti a ƙarshen 2022, har na ce an yi maganinsu. Ina! Sai ga wani da tikiti mai sunan ƙaninsa, yana rantsuwa ai uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Babbar matsalar dai sallama ce. A gaida mutanen gida, a gaida Hajiya, tsaya ka karɓi ƙullin daddawa ka kai wa Yaya. Mai karatu, in jirginka na safe ne, don Allah ka yi sallamar tun da dare.