Mu 'Yan Titin Gidan Zoo

Mu a Titin Gidan Zoo na Kano ba ma barin katanga ta zauna a banza. Muddin gidanka ya kalli kwalta, magana ta ƙare: a fasa zaure a fitar da shago, a fasa gareji a fitar da biyu. Sai ka ga Alhaji ya koma shiga gidansa ta lungu, motarsa tana kwana a gidan mai, amma fa kuɗin haya ba ya fashi.

Dattawanmu har gobe zancensu ɗaya ne. Lokacin da Audu Baƙo ya kafa gidan namun dajin a farkon shekarun 1970, nan bayan gari ne, wai kana kwance da daddare gurnanin zaki yake iso ka. Yanzu ko zakin ya yi, wa zai ji? Janareton mai ɗinki da na mai aski sun rufe masa baki.

Sai 'yan fim suka hau benayen titin da ofisoshinsu. Mun saba ganin saurayi ya sauko daga mota da 'yar jakarsa, ya wuni a gindin bene yana jiran darakta. Mai shayin wajen ne zai fara karanta masa: "Ɗan samari, shigo ka karya tukuna, oga sai bayan la'asar."

A 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, Adaidaita Sahu suka gaje titin, sahun kuwa har yau bai daidaita ba.

Da Shoprite ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014, wanka muke ɗauka mu tafi, mu tura kwando mu zagaye ko'ina, mu sha sanyi, mu yi hoto, mu fito da burodi guda. Da ta tattara a farkon 2024, mu ne kan gaba wajen jajantawa. Kuma har yanzu in za mu sauka a wajen, "Shoprite akwai" muke ce wa direba.

Abin da ba ma so baƙo ya tono shi ne zancen 2019, da aka ce goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan 7 na cinikin Sallah a gidan zoo. Gwamna Ganduje da kansa ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Amma je ka Zariya ka ce daga unguwarmu kake, tambayar farko ita ce: "Yaya birinku, ya amayo?"