Sandar Fatsa Mai Jin Motsin Kifi: Jagora Ga Mai Ƙaramin Aljihu Da Mai Babba

Kifin bass, wanda asalinsa mazaunin tafkuna da kogunan Amurka ta Arewa ne, yana kan gaba cikin kifayen da Amurkawa suke bi da fatsa don nishaɗi, har ta kai Ray Scott ya kafa masa ƙungiya mai suna B.A.S.S. a 1968, aka kuma fara babbar gasar Bassmaster Classic a 1971. Nau'insa biyu ne suka fi shahara, mai faɗin baki da mai ƙaramin baki, kuma dukkansu suna da wata ɗabi'a da take hana masu fatsa barci, domin sau da yawa ba sa fizgar abinci da ƙarfi, sai dai su buɗe baki su zuƙe shi tare da ruwa, idan kuwa suka ji ba na gaske ba ne su tofar da shi kafin ƙiftawar ido. Wannan ɗabi'a ce ta haifar da kasuwar sanda mai ji, wato sandar da take isar da ɗan motsin da ya auku a ƙarƙashin ruwa zuwa tafin hannun mai riƙe da ita, kasuwar da mutum zai iya shiga da dala 50 ya fito da sanda, ya kuma iya shiga da dala 600 ya fito da sanda ɗaya tal da dogon bayanin da zai yi wa iyalinsa.

Matakin farko: fahimtar inda ji yake fitowa

Motsin kifi yana bin hanya mai zango da yawa kafin ya iso hannu: daga ƙugiya ya hau zare, daga zare ya ratsa zobban da aka jera a jikin sanda, daga zobba ya shiga gangar sandar, sannan ya sauka a mariƙi. Duk zangon da ya yi laushi ko ya yi nauyi yakan cinye wani kaso na saƙon. Saboda haka ne sandar faibagilas, wadda ake yi da zaren gilashi kuma ta bazu tun ƙarshen shekarun 1940, take da juriya amma take da nauyin kunne, yayin da sandar garafayit, wadda ake yi da zaren kabon kuma kamfanin Fenwick ya fito da ita kasuwa a 1973, take da tauri da rashin nauyi, ta kuma fi kai rahoto da sauri. Masu ƙera sanduna suna rubuta lambobi irin su IM6 da IM7, ko tan 30 da tan 40, don nuna ma'aunin taurin zaren kabon ɗin da suka yi amfani da shi, sai dai kamfanoni ba su haɗu a kan mizani ɗaya ba, ga shi kuma ƙaron da aka haɗa zaren da shi da yadda aka naɗe shi suna da nasu tasirin. Don haka mai saye ya karanta waɗannan lambobi cikin girmamawa, ya gyaɗa kai a gaban mai kanti, amma ya bar hukunci a hannun hannunsa.

Mataki na biyu: sanin abin da za a jefa wa kifi

Ba kowace fatsa ce take buƙatar sanda mai ji ba. Wanda yake jan tana ta roba a ƙasan tafki, irin wadda Nick Creme ya ƙirƙiro a jihar Ohayo a 1949, ko yake amfani da jig, wato ƙugiya mai kan dalma da aka yi wa gezar roba, shi ne yake rayuwa da ji, domin a hannunsa zai bambance taɓo da tsakuwa, da reshen bishiya, da bakin kifi. Wanda kuwa yake jan kifin bogi mai leɓe da ƙugiyoyi masu baki uku-uku, kifi ne yake kama kansa da kansa, kuma ƙwararru da dama sun fi son sandar faibagilas mai laushi a wannan aiki don kada ƙugiya ta yage daga bakin kifi. Ana kuma duba kalmomi biyu a jikin sanda: ƙarfi, wato irin nauyin da take iya ɗauka kafin ta rusuna, da lanƙwasa, wato wurin da take fara tanƙwarawa. Ga mai sanda ɗaya, wadda ta fi dacewa ita ce mai tsawon ƙafa 7, kimanin mita 2.1, mai ƙarfin da ya ɗan ɗara matsakaici, wanda ake yi wa alamar MH, kuma mai lanƙwasa a can kusa da tsini.

Mataki na uku: mai ƙasa da dala 100

Mai wannan aljihu ya shiga kanti da kansa a ɗage, domin sandar garafayit mai rahusa ta yau tana yin aikin da za a yi alfahari da shi. Zai ci karo da Ugly Stik, wadda kamfanin Shakespeare ya fitar a 1976, haɗin garafayit da faibagilas da ya yi suna wajen ƙin karyewa, kuma ita ce ta dace da gidan da yara suke ɗaukar kayan uba ba da izini ba, ko da yake wajen ji sandar garafayit zalla ta fi ta. Sirrin wannan mataki yana cikin zare. Zaren nailan yana miƙewa idan an ja shi, ya shanye motsi a hanya, zaren fulorokabon ya fi shi isar da saƙo, zaren saƙa kuwa kusan ba ya miƙewa ko kaɗan. Idan aka haɗa zaren saƙa da maƙalar nauyi ta ƙarfen tangistin, wanda ya fi dalma tauri kuma yake buga dutse da ƙara mai fita sarai, sandar talaka takan fara jin abin da ba ta taɓa ji ba, mai ita kuma ya koma gida da sauran canji.

Mataki na huɗu: mai dala 100 zuwa 300

A nan ne kuɗi yake yin magana da babbar murya. Gangar sanda takan ragu da nauyi, zobba su zama ƙanana masu inganci, sau da yawa na kamfanin Fuji na Japan, mazaunin na'urar naɗe zare kuma a yi masa taga ta yadda yatsa zai taɓa gangar kai tsaye. Kamfanoni irin su St. Croix na garin Park Falls a jihar Wiskonsin, da Shimano, da Daiwa, duk suna da sanduna a wannan mataki. Bambancin da ke tsakanin sandar dala 60 da ta dala 200 ko sabon shiga zai ji shi a ranar farko, kuma mafi yawan masu fatsar ƙarshen mako a nan ya kamata su yada zango, su yi daidai ruwa daidai tsaki, su ajiye ragowar kuɗin don lasisin kamun kifi da man mota.

Mataki na biyar: mai dala 500 zuwa sama

Sandunan wannan aji, irin NRX ta kamfanin G. Loomis da Gary Loomis ya kafa a 1982 a jihar Washinton, abin sha'awa ne na gaske, kuma wanda yake wuni yana jifa ɗaruruwa a gasa zai gode wa kowane giram da aka rage masa. Sai dai ƙarin jin da ake samu daga dala 300 zuwa 600 bai kai wanda aka samu daga 60 zuwa 200 ba, kuma gwargwadon taurin kabon da sirantar bangon sanda gwargwadon saurin karyewarta idan ta bugu. Manyan maƙiyanta uku ne, kuma babu kifi a cikinsu: ƙofar mota, da fankar sama, da aboki mai cewa a ba shi ya gwada sau ɗaya. Wanda ya saye ta ya tanadi rigarta, ya adana takardar garanti, ya guji ɗaga ta tsaye cak yayin ciro kifi, sannan ya sani cewa ya sayar da uzurinsa, domin daga ranar nan ba wanda zai yarda cewa laifin sanda ne.

Mataki na shida: gwaji a kanti

Kusan kowane mai saye yakan ɗauki sanda ya kaɗa ta a iska sau uku yana murtuke fuska, gwajin da ba ya bayyana komai sai cewa sandar tana da tsawo. Wanda ya fi shi amfani shi ne mutum ya zo da na'urar naɗe zarensa, ya ɗaura ta, ya ɗora sandar a kan yatsa ɗaya kusa da mazaunin na'urar don ya ga ko kanta yana rinjaya, domin sanda mai nauyin kai takan sa a damƙe ta da ƙarfi, hannun da ya damƙe kuwa ba ya ji. Bayan haka ya ja tsininta a hankali a kan daɓe mai tayil, idonsa a rufe, ya lura ko yana jin kowace gaɓa. Akwai kuma tsohon gwajin ɗora tsinin a maƙogwaron aboki yana magana, wanda yake buƙatar aboki mai haƙuri da yardar mai kanti.

Mataki na ƙarshe: hannu da hankali

A ranar 2 ga Yuni, 1932, wani matashin manomi mai suna George Perry ya kama bass mai faɗin baki da ya kai laba 22 da oza 4, kimanin kilo 10, a tafkin Montgomery na jihar Jojiya, shekaru 41 kafin sandar garafayit ta shigo kasuwa, kuma shi da iyalinsa suka cinye kifin. Wannan bajinta ta tsaya ita kaɗai a matsayin ta duniya har 2009, lokacin da Manabu Kurita ya yi kunnen doki da ita a tafkin Biwa na Japan. Darasin da ke ciki shi ne cewa zango na ƙarshe a hanyar ji mutum ne, kuma sanda mafi tsada ba ta iya isar da saƙo ga wanda hankalinsa yake kan waya. Saboda haka mai hikima ya sayi sandar da aljihunsa zai ɗauka ba tare da rance ba, ya ɗaura mata zare mai kyau, ya faɗa wa uwargida farashin gaskiya, sannan ya yawaita zama a bakin ruwa har yatsunsa su koyi bambance ciyawa da kifi.