Galar Rogo Ta Shigo Layinmu

Mu mutanen Samaru akwai mu da son gwaji. Ban sani ba ko zama kusa da jami'a ne ya shafe mu, ko kuwa iskar gonakin cibiyar binciken noma ta IAR ce da muke shaƙa tun muna yara. Abu ba ya shigowa unguwarmu ya fita yadda ya zo. Sai mun kwance shi, mun sauya masa wani sashe, sannan mu zauna gardamar wa ya fara. To, abin da ake yayi a layinmu yanzu shi ne gala ba fulawa. E, galar dai da kuka sani, nama a tsakiya kwaɓi a jiki, amma babu alkama, babu masara, babu gero, babu ƙwayar hatsi ko ɗaya.

Ita Gala ta asali kayan kamfanin UAC ce, tun 1962 take kasuwa, sa'ar jami'armu ta ABU ke nan. Duk wanda ya taɓa hawa mota a Kwangila ya san ta, don direba bai gama taka birki ba an zuro maka ita ta taga. 'Ya'yanmu kuwa, in suka karɓi kuɗin tara, ba sai an tambaya ina kuɗin za su ba. Har abin ya kai duk wani naɗin nama da aka yi a gida ma gala muke ce masa.

Wadda ta jawo mana wannan sabon salo matar wani malamin jami'a ce a ƙarshen layi. Ɗanta ne ba ya shiri da burodi: ya ci, ciki ya kumbura, ya kwana yana zarya. Likita ya ce a ɗauke masa alkama. Ga yaro kuma yana ganin 'yan ajinsu da galarsu a hannu, kullum ya dawo da kuka. Ta duba waya, ta ga matan Amurka suna naɗe sosej cikin kwaɓin garin almon da cuku, suna gasawa yara suna tsalle. Ta je har Kaduna neman garin. Da aka gaya mata kuɗin ɗan ƙaramin ƙunshi, sai ta mayar da shi inda ta ɗauko, ta ce a gai da masu shi.

Tana ba da labari a gidan suna, sai wata tsohuwa da duk layi ke kira Inna ta kalle ta sheƙeƙe.

"Ke 'yar nan, rogo ne ya ƙare a Samaru, ko wake ne ya yi hijira?"

"Inna, ai shi wannan naɗewa ake yi, sai abu mai danƙo."

"To je ki daka rogo da zafinsa, ki zo ki gaya mini abin da ya fi shi danƙo."

Daga nan aka buɗe fage. Kafin sati ya zagayo, turmi yana tashi a gidaje da yawa ba don fura ba.

Sai da aka yi ɓarna kafin a gano kan abin, ba kuma laifin kowa ba ne. Ita alkama tana da wani sinadari, gulutin, wanda ke sa kwaɓi ya miƙe ya dawo ba tare da ya tsinke ba. Rogo ba shi da shi. Abin da rogo ke da shi sitaci ne, shi kuma sitaci sai ya dahu, yana da zafi, yake kama jikinsa. Shi ya sa wadda ta ɗauki alabo ta kwaɓa da ruwan sanyi yadda take yi wa fulawa ta ƙare da tarin ɓarɓashi a faranti. Na tsaya a kan maƙwabciyarmu ranar da nata ya yi kyau. Ta feraye rogo mai daɗi, ta dafa shi luguf, ta zare jijiyar nan ta tsakiya, ta zuba a turmi tururi na tashi. Ta daka har taɓarya ta fara ɗago shi. Sannan ƙwai ɗaya, ɗan gishiri, cokalin mai. Ta shafa wa leda mai, ta ɗora curi, ta rufe da wata ledar, ta murza da kwalba, don in ba leda sai ya manne wa kwalbar da hannu da duk abin da ya taɓa. Ta yanka shi zube-zube, ta ɗora nama, ta ɗaga gefen ledar ta mirgina. Bakin ya haɗe da kansa, ba sai an shafa ruwa ba.

Gashi kuma wani labari ne. Masu murhun lantarki sun san halin wutarmu, ana tsaka da gashi a ɗauke ta, abu bai dahu ba bai kuma zauna ɗanye ba. Yawancinmu tukunya muke komawa: yashi a ƙasa, murfin gwangwani a kai, gawayi kaɗan a saman marfi. Wasu ba su da wannan haƙuri, mai kawai suke ɗorawa su soya. Na soyi ya fi shiga ran yara, amma kwalbar mai ce ke ji a jikinta.

Su 'yan ɓangaren wake ba su yarda an bar su a baya ba. Ƙullun ƙosai ba ya murzuwa, saboda haka tsoma naman suke yi a ciki su jefa a mai. Da daɗi, amma ƙosai ne mai nama, ko me aka kira shi. Jagoransu wani dattijo ne da ya yi ritaya daga IAR, wanda ba ya barin a manta cewa tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kuma iri-irin waken nan masu suna SAMPEA a nan bayan gidajenmu aka fitar da su. In ya fara, sai ka ji Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman wake, ita ce kuma ta ɗaya a rogo, amma alkamar da muke ci kusan duka jirgin ruwa ke kawo ta. Gaskiya yake faɗa, sai dai ya faɗe ta sau da yawa.

A majalisar maza ta ƙofar masallaci ma maganar ta kai. Wani ya ce shi bai ga abin da tsire ya yi wa mutane ba da za a lulluɓe shi. Wani ya tuna 1987, lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, burodi ya zama abin marmari. Wani ya kawo zamanin Obasanjo da aka ce a riƙa zuba garin rogo kashi 10 cikin 100 a fulawa, da zamanin Akinwumi Adesina yana ministan noma, aka yi ta tallar burodin rogo a talabijin. Suka yanke cewa abin da gwamnatoci suka yi ta fama da shi, tsadar fulawa ta bayan yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 da faɗuwar naira sun yi shi ba tare da an kafa kwamiti ba. Aka tashi ba wanda ya ba da kuɗin cefane.

Abin dariyar sai ka shiga Sabon Gari. Mu 'yan Samaru mun je kasuwa muna ta bayani da hannu, wai mun gano sabon abu. Wata Bayarabiya da nake sayen agada a wurinta ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Hajiya, doya da ƙwai fa? Alale mai ƙwai a ciki fa? Wanne ne aka sa wa fulawa?" Ba ni da amsa. Sabon Gari tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911 take tara tukwanen kowace ƙabila, ba ta jiran kowa ya yi mata lacca. Mu muna da nazari, su suna da ciniki. Ina da tabbacin kafin mu gama gardamar ko a sa ƙwai ɗaya ko biyu, wata a Muciya ko Cikaji ta jera nata a bokitin roba mai marfi tana ba da canji.

Can ne ma aka ankarar da mu kan wani abu da ya sa wasu suka riƙe baki. Sosej ɗin kanti da ake wahalar naɗewa, da yawansa akwai fulawa ko sitacin masara a ciki, da shi ake ƙara masa auki. Ka cire hatsi a riga, ga shi kwance a ciki. Ga kuma karatun takardar jikin leda don a tabbatar naman me aka sa. Shi ya sa yanzu wajen mahauci ake zuwa a niƙo jan nama, a sa albasa da tafarnuwa da citta kaɗan, a mulmula shi tsawon yatsa, a soya sama-sama kafin a naɗe. Barkono sai dai a ajiye wa manya yajinsu a gefe. Wata ma dambun nama take zubawa, ta ce ita ba ta da lokacin mulmule.

Ni abin da ke ba ni haushi kaɗan shi ne yadda wasu suka mayar da abin wa'azi. Ka ji mace tana cewa ta daina hatsi gaba ɗaya, a garin da in baƙo bai ci tuwo ba ake cewa ya kwana da yunwa. Wanda alkama ke damunsa, gero da dawa da masara da shinkafa da acca ba su da gulutin, ba su yi masa komai ba. Mai ciwon suga kuma da ya ji an ce ba fulawa ya zauna ya cinye faranti, ya sani rogo sitaci ne zalla, bai tsere wa komai ba. Sannan mu ɗin nan masu kurin gudun fulawa, mu ne muka cusa ta cikin ɗanwake, abincin da iyayenmu ke yi da garin wake da alabo da kuka da kanwa ba tare da sun nemi iznin alkama ba.

Su kuwa waɗanda aka yi domin su, ba a ruɗe su. Yaron gidanmu ya gutsura, ya juya shi, ya ce, "Umma, wannan ai ƙosan rogo ne aka sa wa nama." Ya cinye uku. Matsalar ta fito ne a makaranta. Abin da ya fita gida da laushi da safe, kafin a buga ƙararrawar tara ya huce ya koma kamar silifa, haka sitacin rogo yake in ya yi sanyi. Nan ne dankalin Hausa ya ceci lamarin. In aka haɗa rogo kashi biyu da dankali kashi ɗaya, kwaɓin yana riƙe laushinsa, ga ɗan zaƙin da yara ke so, har kular ta dawo gida wayam. Ɗan matar malamin nan yanzu shi ake bi ana cewa ya sam mana.

In za ki gwada, ki nemi rogo mai daɗi, ban da mai ɗaci, ki feraye shi sosai ki dafa ya dahu har ciki. Ki daka da zafinsa, kada ki tsaya amsa waya. In kuma yaron bai kai shekara 4 ba, ki tsaga masa shi a tsaye gida biyu kafin ki miƙa, don dunƙulallen nama yana shaƙe yara.