Ranar Da Na Yi Cida Da Rani

Kwana uku kacal na yi ina leƙen wani situdiyo a titin Gidan Zoo a Kano, inda ake buga waƙoƙin fim. Na ga yara na danna fiyanon Yamaha, kuɗi na shigowa, na ce wannan ai ba sai an koya ba. Aka zuba mini FL Studio, manhajar kamfanin Image-Line na Beljiyam, a tsohuwar kwamfutata, na hau motar Kazaure na sauka Ɗanbatta ina jin kaina.

A ido aikin wasan yara ne. Gidaje 16 ne a jere kamar gurbin dara. Ka danna na 1, na 5, na 9 da na 13, ganga ta kama dum-dum. Ka jefa tafi a tsakani, ka yayyafa kacau-kacau a sama. Saura bes, wato kaurin da ke riƙe da gindin kiɗa. Na zaɓi wanda ake kira 808, mai sunan na'urar ganga da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980.

Na danna, shiru. Ashe lasifikar kwamfuta, da ba ta wuce murfin kwalba ba, ba ta iya fitar da sauti mai kauri; wannan sai babba mai tura iska da yawa. Ni ina na sani? Na ƙara ƙarfi, shiru. Na ɗora wani bes kan wani, har guda huɗu. Ma'aunin sauti ya yi jajur, na ɗauka ado ne.

Ana cikin haka bikin ƙanwata ya taso, tsakiyar rani. Na ce wa Baba a bar kuɗin masu kalangu, makaɗi yana gida. Ya dube ni, ya dubi kwamfutar, ya ce, "To, Allah Ya sa mu ga alheri."

Aka yi hayar lasifiku biyu, kowace ta kusa ƙaramin rumbu. Aka tada janareto, na gyara hula, na danna.

Kwanon rufin gidanmu ne ya fara rawa kafin ƙawayen amarya. Kwanukan jere suka amsa daga ɗaka. Inna ta fito a guje, mayafi a hannu: "Ku kwashe shanya, cida ake yi!" Dattawan ƙofar gida suka ɗaga kai gabas, sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Wani maƙwabcinmu bai tsaya bincike ba, ya nufi rumbu neman irin gero. Ragon da aka sayo a kasuwar Lahadi ya tsinke igiya ya bi ta kan tukunyar miya. Sai lasifika ɗaya ta yi tari, ta yi ƙauri, ta yi shiru. 'Yar'uwarta ba ta jima ba ta bi ta.

Dole aka aika wa tsohon da ke yi wa mahauta kalangu. Ya zo da abinsa a hammata, ba waya ba fetur, ya matsa igiya ya saki, mata suka cika fili. Da aka watse na lallaɓa na sa masa kiɗana a kunne, ko zan samu mai yabo. Ya saurara da kyau, ya ce, "Ɗan nan, kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka kamar harshe. Naka bakinsa a ɗinke yake, cikinsa ne kawai ke ƙugi. Ka ba shi tuwo."

Buhun gero biyu mai lasifika ya ci kafin ya daina zuwa gaishe da Baba. Yanzu ba na sakin kiɗa sai na ji shi a waya, a mota da babbar lasifika, kuma da na ga ja nake ja da baya. Amma suna ya riga ya bi ni. Duk shekarar da ruwa ya yi jinkiri, sai an tare ni a hanyar masallaci: "Mai Cida, a taimaka a kunna mana kwamfutar mana."