Yadda Ake Zama da Jariri da Kakarsa Ba Tare da An Kore Ka Daga Gidanka Ba

Ɗan'uwa, idan iyalinka ta sauka lafiya, aka yanka rago ran bakwai, 'yan suna suka watse da ƙullin kaurinsu, sai ka ga mahaifiyarka ta sauke jaka a ɗakin baƙi tana cewa kwana biyu za ta yi ta ga ƙarfin jikin maijego, to jawo tabarma ka zauna, da kai nake. Tawa Hajiyar ma kwana biyu ta ce. Yau wata biyar ke nan, har ta aika an kawo mata buta da rediyonta.

Ka fara da sanin matsayinka. Da kai ne maigida. Yanzu akwai wani Maigidan, yana naɗe cikin shawul, kilo uku da rabi, ba haƙori ko ɗaya, kuma bai taɓa biyan kuɗin wuta ba. Laifina ne, ni na sa masa sunan marigayi mahaifina. Hajiya kuwa, da ta yi zaman aure shekara arba'in ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, ba za ta fara a kan jika ba, don haka yaro ya zama Maigida. Idan ka ji ta ɗaga murya ta ce, "Maigida ya tashi?" kada ka amsa. Sau ɗaya na amsa, aka tambaye ni wa ya kasa da ni. Tsarin gidan yanzu shi ne Maigida, sai Hajiya, sai maijego, sai yarinyar da ke wanke nafkin, sai kai a can ƙarshe, mai sayo gawayi da famfas. Kuma idan ka sa wa yaro sunan ubanka, ka sani ka rufe wa kanka ƙofar tsawa har abada. Wa zai daka wa ubansa tsawa a gaban uwarsa?

Kada ka ɓata lokaci kana neman matar da ta raine ka a cikin wannan tsohuwar. Ba ta nan. Ni ɗan fari ne, saboda alkunya Hajiya ba ta kiran sunana, "shi wannan" nake har na yi gemu, kuma ban tuna ranar da ta yi mini wasa a gaban mutane ba. Abin da na tuna shi ne muciya, da silifas ɗin da ke bin mutum har ya sha kwana. Yau ga ta zaune, jariri ya tsula mata fitsari a kan sabuwar atamfa, tana dariya tana cewa angonta ya yi mata feshin turare. Tana yi masa tsiya irin ta kaka da jika, wai mijin banza ne, ko kuɗin cefane ba ya bayarwa sai kuka, gobe za ta kai shi ƙara wurin alƙali. Da mace aka haifa da kishiya za ta kira ta, ta ce ta zo ƙwace mata miji. Kai dai naka murmushi. Idan ka ji kishi ya taso maka, ka sha ruwa, ka tuna shekarunka.

Lokacin wankan safe, shawarata ka fita. Je ka sayo ƙosai, ko ka tsaya ƙofar gida kana gaisa da mutanen da ba ka sani ba. Ni na tsaya na gani, kuma har yau ban warke ba. Hajiya za ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafafu a kan baho, ta kwantar da yaron a kan ƙwaurinta kamar za ta fere kabewa. Ta saɓe shi da sabulu, ta kai hannayensa baya ta haɗa, ta lanƙwashe ƙafafun, ta kama shi ta dugadugai kai a ƙasa, sannan ta cilla shi sama ta cafe, wai don kada ya tashi matsoraci. Na ce, "Hajiya, a hankali." Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Kai da aka cilla ka, ga ka nan da wuyanka." Daga nan ta tsoma tsumma a ruwan ɗumi ta shiga gasa masa hanci tana ja, tana faɗa ƙasa-ƙasa, yadda maijego za ta ji daga ɗaki, cewa ba a bar yaro da hancin da ba na gidansu ba. Abin haushin, da an gama sai yaron ya yi barcin awa uku, barcin da ni ban taɓa samo masa ba da duk jijjigata.

Batun sutura kada ka ja. A watan Afrilu, rana tana dukan kwano, ma'aunin zafi ya haura 40, Hajiya za ta sa masa hula, da safa, da rigar sanyi, ta naɗe da shawul, ta kashe fanka saboda sanyi yana shiga ta maɗiga. Jira ta tafi alwala ka zare safar. Idan ta dawo ka ce shi ya shure. Haka zaren da take lasa ta manna masa a goshi idan yana shaƙuwa: bar shi, zare bai taɓa kashe kowa ba, shaƙuwar kuma da zare da babu za ta tafi, kuma zaren ne zai sha yabo.

Ka adana ƙarfinka don yaƙin da ya cancanta, kuma ba su da yawa. Babbansu ruwa. A asibiti an ce nono zalla har wata 6, ko ɗigon ruwa ban da shi, domin nonon kansa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, kuma ta ruwan cokali gudawa ke samun ƙofa. Hajiya ta ce ko ɗan akuya yana shan ruwa, kuma hana mai rai ruwa a wannan zafin alhaki ne da ba za ta ɗauka ba. Sai zuma, wadda aka ce kada jariri ya lasa sai ya shekara, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba tukuna. Sai cibiya, da asibiti ke ba da maganin shafawa, ita kuma take son gashi da tsumma da man shanu. Sai wanzami, wanda ya zo aski amma idonsa na kan belu.

Kuskuren da na fara yi shi ne buɗe waya ina karanta mata abin da masana suka ce. Kada ka yi. Ta saurare ni har ƙarshe, ta tambaye ni ko wayar ta taɓa haihuwa. Uwa ba ta karɓar gyara daga wanda ta wanke wa kashi, wannan doka ce da ta girmi boko. Abin da ya yi aiki shi ne na roƙe ta ta raka maijego awo, na ce mu yara ne, ba ma gane bayanin malaman asibiti. Allah ya taimake ni muka dace da wata ungozoma mai furfura, sa'arta, da ta kira ta Yaya, ta ba ta kujera, ta ce ai ita ma da ruwa ta raini nata kafin ilimin ya zo, kuma ba ta musa cewa zuma waraka ce ba, jira kawai ake ya cika shekara. Muka dawo gida da sabuwar Hajiya. Washegari wata maƙwabciya ta zo barka ta ce a ɗan ɗiga masa ruwa, Hajiya ta taso mata kamar ta kama ɓarawo: "Wane irin ruwa? Ku mutanen da ba ku da labari! Mu nan nono zalla muke yi." Mu. Na sunkuyar da kai ina ta haɗiye dariya. Idan haka ta faru, kada ka kuskura ka ce ai kai ka fara faɗa. Wanzami kuma ita da kanta ta tsaya a kansa, ya yi aski, aka sallame shi da kuɗinsa cif, belu ya zauna inda Allah ya ajiye shi.

Kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa sai da muka yi sulhu irin na 'yan siyasa. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin da ake ɗora wa jiki. Hajiya ba ta yarda da Zariya ba, amma ta yarda da kumburin ƙafa da ta gani da idonta. Aka rage kanwar ta zama ta shaida, aka sirka ruwan, aka ƙara nama. Naman dai aljihuna ya ji shi.

Ranar rigakafi na shirya faɗa, sai na tarar ta riga ni sa mayafi. Katin yana cikin jakarta, ta haddace sati 6, sati 10, sati 14, da ta ƙyanda a wata 9, ita da ba ta riƙe lambar wayarta ba. A hanya, ba tare da na tambaya ba, ta ce tsakanina da ƙanwata akwai yara biyu, ƙyanda ta ɗauke su a bazara guda. Ban taɓa jin ta ambace su ba. Ta gyara wa Maigida hula, muka yi shiru har asibiti. Tun ranar na rage zare safar. Da aka soka allurar kuwa, yaro ya canyara ihu, Hajiya ta harari ma'aikaciyar harara mai tsanani, ta ce hannunta ba albarka, duk da ita ta kawo shi.

Idan ɗaya kakar, ta wajen uwa, ta zo, ka nemi aikin da zai fitar da kai unguwa. Za su gaisa da fara'a har ƙasa, sannan a shiga rabon yaro: goshi namu, ido namu, yatsu na marigayi. Kukan dare da tumbuɗi ne kawai ba wanda ya taɓa cewa nasu ne. Idan aka tambaye ka wa ya ɗauko, ka ce duk ya ɗebo. Surukarka ba ka iya haɗa ido da ita, uwarka ba ka iya musa mata, to me ya kai ka?

Za ka ji masu cewa kaka tana ɓata yaro da sabon hannu. Gaskiya ne, namu ya ɓaci sarai, ba ya kwanciya sai a bayan mutum. Amma ƙarfe uku na dare, lokacin da ka yi jijjiga, ka yi zagaye, maijego ta zauna bakin gado tana shirin taya shi kukan, za ka ji takun silifas, irin wanda da kake gudu. Ba sallama, ba tambaya. Ta karɓe shi, ta ɗora a baya, ta ja zani ta ɗaure da majanyi, ta tofa masa addu'a, ta ce mana, "Ku kwanta, ku ma yara ne."

Shekaranjiya ta ce arba'in ta wuce tuni, awakinta na hannun mutane, ranar Asabar za ta koma gida. Na ce Allah ya kai mu. Da ta shiga sallar isha'i, maijego ta dube ni, na dube ta. Jakar Hajiya yanzu tana saman durowa, bayan tsohuwar fanka, kuma na riga na faɗa mata direban da ke zuwa garinmu ya tafi biki sai wani satin.