Dutsen Tebur da Masu Haki

Tun 1929 akwai mota mai rataye a igiyar ƙarfe da ke kai mutum ƙolin Dutsen Tebur, a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. Yau minti biyar ne kacal. Amma sai ka ga bayin Allah, da kuɗinsu a aljihu, sun ɗaure takalmi sun nufi kwazazzabon Platteklip, wai motsa jini. Awa biyu zuwa uku ana taka duwatsu, harshe a waje, ruwan gora ya ƙare tun a rabin hanya. António de Saldanha, Baturen Fotugal da ya bi nan a 1503, shi kam yana da uzuri: ɓata ya yi a teku, ya hau ya duba inda yake.

A can sama, fiye da mita 1,000, ana hango tsibirin Robben inda Mandela ya yi shekara 18 a tsare. In gajimare ya ga dama ke nan. In ya sauko, hancinka ma sai ka laluba.

Ga kuma rema, kwance tana shan hantsi, ido a kan burodinka. Masana sun ce dangin giwa ce. Da alama labarin ya iso mata, don ba ta kauce wa kowa.