Taubashi, Ka Dasa Shuwaka Inda Ake Alwala

Zuwa ga taubashina a Tawa,

Ka durƙusa ka gaida mini Kawu da Inna, ka ce ɗansu na Duwala yana biɗar albarka. Kai kuwa taka gaisuwar kaɗan ce, domin ban ga dalilin ɓata tawada a kan mutumin da ke zuba sukari cokali huɗu a ɗan kofin shayi sannan ya ce bai ji zaƙi ba. Saboda wannan harshen naka ma na rubuto. So nake ka dasa shuwaka a gidanka, daidai wurin da ake alwala, ka kuma sa maƙwabta su yi haka. Na san kafin ka kai ƙarshen layin nan ka yamutsa fuska kamar wanda ya tauna maɗaci. To gyara zama ka aje butar shayin, duk hujjar da za ka kawo na riga na san ta.

Shuwaka ƙaramin icce ce, ta wuce haki ba ta kai bishiya ba, in an ƙyale ta takan yi tsawon mutum biyu. Masana tsirrai suna ce mata Vernonia amygdalina, sun kuma sa ta dangi ɗaya da salatin da ake nomawa a garaken Tadis, da tazargade, da furen nan mai bin rana da ake matse mai daga ƴaƴansa. A nan Kamaru ganyenta ne tushen ndole, miyar da mutanen Duwala ke tinƙaho da ita: ganye wankakke, markaɗaɗɗiyar gujiya, nama ko kifi ko jatan lande. Yarbawa suna ce mata ewuro, Ibo suna ce mata onugbu, a Habasha sunanta girawa. A Kano da Zariya miyar shuwaka tsohon abinci ne, an kuma fi yi wa mai jego ita. Tsiron da yake da suna a bakin Bahaushe tun kaka da kakanni bai cancanci a kira shi baƙo a ƙasarmu ta Adar ba. Sakaci ne kawai ya sa ba a ganinta a gidajenmu kamar yadda ake ganin zogale.

Hujjarka ta farko ruwa ce, kuma ita ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Za ka ce Duwala ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya, gaskiya ne, abin da take samu a shekara ya kusa ninki goma na Tawa, wadda da ƙyar take haura milimita 400, shi ma daga Yuni zuwa Satumba. In ka kai shuwaka kan fako ka bar ta da ruwan sama kaɗai, kafin bazara ta zama itacen hura wuta. Juriyarta iri dabam ce. Da zarar saiwarta ta kama ƙasa, in ƙishi ya matsa mata sai ta rage ganye, ta ƙanƙance, ta yi ta jira, ranar da ta samu ruwa ta sake tofowa. Abin da take so shi ne ɗan ruwa kaɗan da ba ya yankewa, wannan kuwa kullum kuna zubar da shi. Yi lissafi da ni, in ilimin lakwal bai gudu ya bar ka ba. Gida mai masallata goma, kowa ya yi alwala da rabin lita, salla biyar a yini, lita 25 ke nan, jarka guda cur. Ruwan da aka saya da kuɗi ko aka ɗauko a ka, ana gama wanke ƙafa sai ya bi rariya ya kwanta a lungu, ya yi baƙi, sauro ya samu gidan haihuwa. Ko da rana ta shanye rabinsa, sauran ya ishi gindin shuwaka biyu har da ragi. Ban taɓa tsarin gero ba, wannan na tumaki ne. Ruwan sabulu da na omo kuwa ka kau da shi wani gefe, yana tara gishiri a ƙasa ya ƙone saiwa.

Dabarar riƙe ruwa kuma ba sai an koya wa Ba'adare ita ba. A 1989 wasu manoman Ilela suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako ana zuba taki, suka dawo suka gyara tassa irin tamu, har ta kai a wajajen Badagishiri mutane na sayen fakon da a da ko kyauta ba a so. Tun 1984 aikin Keita ya nuna abin da jeren duwatsu da haƙa ke yi wa tsaunin da ya mutu. Abin da nake roƙonka tassa ce guda ɗaya, a tsakar gida, taku uku daga inda kake shimfiɗa tabarma kana minshari.

Ga yadda za ka yi. Ba a wahala da iri, reshe ake dasawa. Ka sa masu zuwa Sakkwato ta Birnin Kwanni su samo maka reshen da ya ƙosa, mai kaurin babban yatsa, wanda bayansa ya bar kore ya koma toka-toka, tsawon kamu ɗaya, mai ido huɗu ko biyar. A zage ganyen, a naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe a hanya. Ka bari sai damina ta zauna, cikin Yuli. Ka haƙa rami zurfin gwiwar hannu a gabashin katanga, inda inuwa za ta rufe shi daga azahar, ka cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin tumaki da ɗan toka. Ɗanyen taki yana ƙona reshe, yana kuma kiran gara. Ka soka reshen a karkace, rabi a ƙasa rabi a waje, idanun suna kallon sama, kada ka kifa shi kamar yadda kake kifa hula. Dasa uku, domin ba duka ke kamawa ba. Cikin sati biyu zuwa uku za ka ga idanun sun kumbura, sai ɗan ganye mai laushi da gashi-gashi ya leƙo. Ka jera duwatsu kewaye da ramin, abin da Allah ya hore wa Adar ba iyaka, ka aza wani faffaɗa a baki inda mai alwala zai tsuguna ruwan ya gangara ciki. Ka rufe gindin da kara ko ɓuntu don laima ta daɗe. Sannan ƙaya, taubashi, ƙaya mai yawa. Kada ka ce ɗaci zai kare ta. Akuyar da ke cin kwali da leda a kasuwar Tawa ba za ta ga koren ganye a watan Afrilu ta tsaya tambayar ɗanɗano ba. Bazarar farko ita ce jarrabawa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, in ta tsallake wannan to ta zama ƴar gida, za ta yi shekaru tana ba ku ganye.

Hujjarka ta biyu ɗaci, kuma a nan ne ka ba ni dariya tun kafin ka buɗe baki. Mu ne fa jikokin masu jiƙa anza. A yunwar 1984, da ta 2005 da ta taɓa Tawa da Maraɗi, mata sun yi kwanaki suna sauya wa ƴaƴan anza ruwa har ɗacin ya fita a samu abin sa wa yara a baki. Wanda uwarsa ta iya wannan ba zai tsorata da ganyen da ake wankewa kafin tukunya ta tafasa ba. Ana zuba shi a ƙwarya da ɗan gishiri, a murza da tafin hannu har koren kumfa ya taso, a tsiyaye, a sake, sau uku ko huɗu. A ɗanɗana, in ya rage ɗan kaifi a bayan harshe sai a tsaya nan, domin in an wanke shi fes an zubar da amfaninsa tare da kumfan. Kuma duk wanda ya tauna ganyen sannan ya sha ruwa ya san ruwan kan yi zaƙi a baki. Kai da kake fidda kuɗi ka sayi goro da namijin goro, kana tauna kana lumshe ido, da wane baki za ka zagi shuwaka? Dogonyaro ma ɗan Indiya ne, ya fi ta ɗaci nesa ba kusa ba, amma tun da aka fara jera shi a kwarin Majiya a 1975 don tare iska, ban ji wanda ya ce a mayar da shi garinsu ba.

Har namun daji sun riga ka gane ta. A 1987, a duwatsun Mahale na Tanzaniya, wani masani mai suna Michael Huffman ya ga wata babbar biranya, irin birin nan marar wutsiya, ba ta da lafiya, ta karyo reshen shuwaka ta ɓare bawon ta tsotse ruwan ɓargon, washegari ta warware. Mutanen yankin su ma da ita suke maganin tsutsar ciki. Ka ga biri bai yi lakwal ba ya fi ka sanin abin da zai amfane shi. Sai dai ina ja maka kunne da gaske a nan, don na san halinka na mayar da kowane ganye asibiti. Miya nake sa ka shuka. Yaron da jikinsa ya yi zafi da damina a kai shi likita a auna jininsa, zazzaɓin sauro ba ya jiran a murza ganye. Mai ciwon sukari kada ya aje maganinsa don an ce shuwaka na rage sukari, yawancin gwajin da aka yi a kan ɓeraye ne. Mai ciki kuma ta ci miyar, ta bar shan ɗanyen ruwan.

Za ka kuma ce ga zogale, ga kuka, ga yakuwa da tafasa, ga albasa mai kawo kuɗi. Ban ce ka tuge ko ɗaya ba, ban kuma ce a ba shuwaka ko taƙi ɗaya na garkar Galmi ko Tamaske ba. Tafasa da yakuwa ƴan damina ne, kuka busasshiya ake saye da awo. Wurin da na roƙa ba kowa a cikinsa sai caɓi.

Da hunturu za ta ba ka abin da ba ka zata ba. Kan rassan zai cika da tarin fure fari mai ɗan ruwan madara. Ka tsinko ɗaya ka duba kusa da ido, abin da ka ɗauka fure guda ne ashe dami ne na ƙananan furanni cunkushe a ɗan kofi, alamar danginsu ke nan duka. Iccen da ya fi kowa ɗaci a gidan sai ga shi da ƙamshi mai daɗi, ƙudan zuma na ta kai da kawowa a lokacin da dajin Adar ya bushe ƙurmus. In furen ya bushe ƴaƴan kan fito da farin gashi iska ta kwashe su. Amma wadda aka bari ta yi fure ganyenta kan ƙanƙance, don haka in biyu suka kama, ka bar ɗaya ta yi ado, ɗayar a riƙa datse kan rassanta da wuƙa mai kaifi. Datsewa ta fi tsinkar ganye ɗai-ɗai, duk inda aka yanke rassa biyu ko uku ke fitowa. Abin da ya yi yawa a shanya a inuwa a ɗura a tulu.

Ka san yadda Adar take da an gama girbi. Maza sun watse Abijan da Kamaru da Libiya, gida ya rage mata da tsofaffi da yara, kowa kunnensa na kan waya yana jiran a ce an aiko. Aike kuwa yakan makara, ciniki yakan tsaya, hanya takan rufe, tukunya ba ta san wannan ba. Jikar da za ta tafi wajen ganyen miya in ta tsaya a hannun uwargida ta sayi mai ko sabulu. Shi ya sa mu da ke nesa muka fi ku damuwa da abin da ke tsiro a tsakar gida, kai da kake kusa ka fi mu ikon haƙa rami.

Kuɗin sharar bana na nan na riƙe. Ranar da ka turo mini hoto ta WhatsApp, kana tsugune kusa da shuwaka mai ganye, buta a hannu, ƙaya kewaye da ita, ranar zan sake su. Ka nuna wa Inna wannan takarda, ita za ta sa ka yi ko ba ka so. A gaida mutanen unguwa baki ɗaya.

Naka har kullum,
Taubashinka na Duwala